Tukunya Ɗaya, Cokali Huɗu

Duk wanda ya yi ko da zango ɗaya a makarantar nan ya san watan ɗalibi kashi biyu ne. Akwai makon da alat ya shigo. A makon nan za ka ga mutum a teburin mai shayi yana ba da oda: a soya Indomie biyu da ƙwai biyu, shayin a cika masa madara, in abokinsa ya zo wucewa ya ce a haɗa masa nasa shi ma. Sannan akwai kwana goman ƙarshe, lokacin da waya ke yin shiru, a koma lissafin nan da muka gada wurin waɗanda suka riga mu, wato ziro-wan-ziro. Babu karin kumallo, a ci na rana, dare ya yi a sha ruwa a kwanta. Wanda abin ya fi matsewa ya koma ziro-ziro-wan. A bakin aji da dariya muke faɗa. Amma wanda ya taɓa zama lakcar ƙarfe biyu na rana alhali rabonsa da abinci tun daren jiya, ya san babu abin dariya a ciki. Rubutun allo sai ya riƙa rawa, muryar malami kamar daga wani gari take zuwa. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba almubazzaranci ne kaɗai ke kawo haka ba, lissafin ne ba ya fita. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, ya ja farashin duk abin da mota ke ɗaukowa. A tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, kuma da yawa cikin iyayenmu ko albashin ba sa ɗauka. Wanda ya dace da lamunin NELFUND yana karɓar naira 20,000 a wata don ɗawainiyar kansa. Raba ta gida 30 ka gani: naira 666 da 'yan kwabbai a rana. A ciki za a ci abinci, a yi fotokofi, a sayi data da sabulu, a hau adaidaita. Je ka wurin mai abinci da wannan kuɗin ka ce sau uku kake son ci, ka ji amsar da za ta ba ka. Saboda haka ɗalibin da ba ya ɗora tukunya, ko dai gidansu da hali, ko kuma yana kwana da yunwa bai faɗa wa kowa ba.

Ni dai na taki sa'a ta wannan fannin. Mu biyar Umma ta haifa, duk maza, ni ne babba, don haka tun ina firamare nake tsugune a bakin murhu. Ni ne tsintar wake, ni ne kaɗa miya, da na yi ƙarfi aka miƙa mini muciya. Ranar da zan taho makaranta karon farko, kuɗin da Baba ya ba ni ba su da yawa, amma Umma ta cika mini jakar bakko: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kauɗar tumatir, garin kunu, ƙuli-ƙuli, da yajin da ta daka da kanta mai citta da tafarnuwa. Da yake ni ɗan fari ne ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai, ka ga jakar nan? In kana da hatsi da gishiri, ba abin da zai sa ka kwana da yunwa. Kuɗi a hannun yaro ƙafa gare su, kuka kuwa inda ka ajiye ta nan za ka same ta."

Shekara biyun da na yi a ND ni kaɗai nake girkina a kan ƙaramin risho. Ya fi sayen dafaffe araha nesa ba kusa ba, amma girkin mutum ɗaya yana da tasa tsadar. Komai a ƙulle kake saye: mai na ƙulli, gishiri na ƙulli, shinkafa gwangwani biyu, kuma kowane ƙulli da ribar mai ƙullawa a ciki. Wake ba ruwansa da yawan masu ci, lokacin da zai ɗauka a wuta don mutum ɗaya shi zai ɗauka don mutum huɗu. In ka dafa da yawa ya kwana ya lalace, tunda ba firji, in ma akwai ba wuta. Ranar da faratikal ya riƙe ka har magariba kuwa, ka dawo a gajiye, babu mai ɗora maka. Sai da na dawo HND muka kama ɗaki mu huɗu a unguwar bayan makaranta, sannan na ga abin da haɗa tukunya ke yi.

Mu huɗun ba garinmu ɗaya ba, ba sashenmu ɗaya ba. Akwai wanda muke kira Akanta, ɗan ND 2 a sashen lissafin kuɗi, mutumin da ko ashana ya saya sai ya rubuta. Akwai Injiniya, ɗan sashen lantarki, mutumin Binuwai, Kirista ne, a Kaduna ya girma, Hausarsa har ta fi ta wasunmu. Akwai Auta, ɗan ND 1, ƙaraminmu. Ni kuma da nake karanta SLT suka laƙaba mini Kuku. Dokokinmu ba su da yawa, a bangon littafin Akanta aka rubuta su. Kowa zai zuba kuɗi daidai da na kowa a ranar da nasa suka shigo, kafin ya taɓa ko sisi. Abin da mutum ya zo da shi daga gida, a yi masa kuɗi a rage masa. Awo da gwangwanin madara ake yi, ba da ido ba. Girki yana bin jadawalin lakca, wanda ya riga kowa fitowa daga aji shi ke ɗorawa, wanda bai dafa ba shi ke wanke-wanke. Ta ƙarshe: ba a ci sai an ƙirga kowa, wanda ba ya nan a rufe masa nasa.

Abu na farko da haɗakar ta canza shi ne cefane. Kuɗin mutum huɗu in suka haɗu, sai ka wuce shagon bakin get ka shiga kasuwa ka sayi mudu-mudu. Mudun da ake auna mana yana cika gwangwanin madara takwas, kuma da Akanta ya buga lissafi sai ya ga in gwangwani-gwangwani muka saya a shago, kuɗin mudu ɗaya ko bakwai ba za su ba mu ba. Shinkafa 'yar Hausa muke saye, mu zauna mu tsince tsakuwa ana hira. Mai da manja a kwalba. Akwai wani dattijo da muke sayen hatsi a wurinsa kullum, kuma riƙe mutum ɗaya yana da ranarsa. Ka ce, "Baba, a duba mu, 'yan makaranta ne." Ya ce, "Samari, ragi kam babu, ni ma haka na saro, amma miƙo buhun." Sai ya ƙara gyara da tafin hannu biyu. Sannan muna bin lokaci. Hatsi da wake sun fi sauƙi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, don haka wanda ya je gida a lokacin ya taho da abin da ya samu. Tumatir yana araha da rani, sa'ad da na noman rani irin na Kadawa da Kura ya cika kasuwa. Da damina kuwa ya zama na masu kuɗi. In ya yi tsada ba ma ja da shi. Mu jiƙa kauɗa a ruwan zafi, mu wanke ƙasar, a markaɗa da albasa da attaruhu, miya ta yi ja abinta.

Sayen kaya da yawa yana zuwa da aikin adanawa. Wake a jarka muke zuba shi, mu cika ta har wuya mu toshe, don ƙwaro in ya rasa iska ba ya rayuwa. Gari da garin kwaki a bokiti mai murfi. Ba don kada ɓera ya rage mana awo kaɗai ba. Ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa ta hanyar fitsari da kashin wani nau'in ɓera take shiga abinci, cutar ta fi yawa da rani, kuma garin kwaki abu ne da muke jiƙawa mu sha ba tare da ya ga wuta ba. Kuɗin bokiti bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba.

Kuɗin wuta su ɗalibi ya fi mantawa da su in yana lissafi. Mun haɗa mun sayi silindar gas mai kilo 6, kuma muna lallaɓa ta kamar ƙwai. Wake ba ya hawa wuta sai ya jiƙu. A zuba masa ruwa tun dare ko kafin a tafi lakcar safe, lokacin dahuwarsa ya ragu sosai. Kanwa 'yar kaɗan, don in ta yi yawa tana lalata wasu bitamin ɗin da ke cikin waken. Tukunya a rufe, in ta tafasa a rage wuta. Komai a yanka a ajiye kafin a ƙyasta ashana. Injiniya ya zo mana da wata dabara: in shinkafa ta yi minti goma tana tafasa, a sauke ta da murfinta, a naɗe tukunyar da tsohon bargo. Bayan rabin awa zafin da ke ciki ya ƙarasa ta, kuma ba ta kamawa. Abu biyu ne ba ma wasa da su. Gawayi ba ya shiga rufaffen ɗaki komai sanyin hunturu, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi. Shinkafa kuma ba ta kwana. Akwai ƙwayar cutar da ke tsallake tafasa, in shinkafa ta daɗe a ajiye da ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumamawa ba ta kawar da gubar. Miya ce muke tafasawa dare da safe.

To me ake ci? Abincin gidajenmu ne, irin wanda wasu ke jin kunyar a gan su da shi in sun shigo makaranta. Da safe kunu: a dama gari da ruwan tsamiya, a zuba tafasasshen ruwa, minti biyar an gama. Muna haɗa garin da soyayyen waken suya da aka niƙa, ya fi riƙe ciki. In an yi tuwo jiya kuwa ɗumame ne, kuma wanda ya shiga lakcar ƙarfe takwas da ɗumame a cikinsa, sai azahar zai tuna da abinci.

Garau-garau shi ne sarki, sau biyu ko uku a mako. Gwangwani uku na shinkafa da biyu na wake ke isar mu huɗu. Waken ya fara hawa, in ya yi rabin dahuwa a zuba shinkafa da gishiri. A soya mai da albasa, a barbaɗa yajin Umma, in da hali a yanka kabeji a kai. Ɗanwake na ranar sauri ne: garin wake da na rogo, kuka cokali biyu, ɗan ruwan kanwa, a kwaɓa, a riƙa jefawa a tafasasshen ruwa; in ya taso sama a ba shi 'yan mintoci a tsame. Faten tsaki na ranar da asusu ya yi ƙasa ne, don tsakin masara gwangwani biyu da alayyahu ko yakuwa, da daddawa da manja da 'yar dakakkiyar gyaɗa, yana cika tukunya taf. Daren Asabar da Lahadi tuwon masara da miyar kuka ko kuɓewa, a farfasa busasshen kifi guda a ciki don kowa ya ji ƙamshi. Akwai taliya da manja da yaji, akwai dafa-duka, dankalin Hausa da ƙuli, kwaɗon zogale ko rama. In Injiniya ya dawo hutu da doyar garinsu, makon nan sai ka rantse gidan kwamishina ne. Nama ranar Juma'a kaɗai, shi ma yawanci ƙashi ne da 'yar tsoka a jiki, a yi romo. Garin kwaki da ƙuli kuwa sunansa motar asibiti, ba a taɓa shi sai ta ɓaci.

Wani zai ce wannan ai cika ciki ne kawai. A aji na gane iyayenmu mata sun riga littafi sanin abin da suke haɗawa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, waken suya kuma ya haura kashi ɗaya cikin uku. Furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wake kuwa yana da shi. Abin da wake ya gaza a kai, hatsi na da shi. In suka haɗu a kwano ɗaya sai su cike wa juna, shi ya sa garau-garau ke riƙe mutum ko ba nama. Kuka da zogale suna da sinadarin ƙarfe da kalsiyam, manja kuma yana ba jiki abin da yake haɗa bitamin A da shi. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin waken nan namu, Nijar na biye da ita. Kwatanta da abin da muka fi rugawa gare shi: ƙaramar ledar Indomie giram 70 ce, ledar taliya giram 500, wato nauyin ƙananan Indomie bakwai. Tambayi kuɗin bakwai ɗin, ka tambayi kuɗin taliya ɗaya. Ban ce kada a ci ba, mu ma muna ci ranar da kwaɗayi ya motsa. Amma ba ita za ta kai ka ƙarshen zango ba.

Duk wannan lissafin kuɗi ne. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru ana saura mako uku jarrabawar zangon farko, kuma da izinin mai labarin nake faɗa. Auta ya fara janye jiki. An sauke tukunya, a ce, "Auta, bisimilla." Ya ce, "Ku ci kawai yaya, na ci a waje." Washegari ya daɗe a laburare har aka yi barci, nasa da aka rufe ya ce a cinye. Rana ta uku ya ce azumi yake. Ta huɗu ma haka. Injiniya ne ya fara magana bayan Auta ya fita: "Kuku, ni dai na san Litinin da Alhamis kuke yi. Wannan na Talata da Laraba kuma daga ina?" Akanta bai ce komai ba, ya buɗe littafi ya juyo mana shi. Gurbin Auta na watan babu komai.

Da daddare na ja shi waje muka zauna a kan dakali. Da ƙyar ya faɗa. Babansa yana kwance a asibiti, duk abin da ke gida can ya tafi, kuma ba zai iya buɗe baki ya tambayi mahaifiyarsa kuɗin abinci ba. Ya ce, "Yaya, doka ce, kowa ya zuba. Ban zuba ba, ta yaya zan sa hannu?" Kwana huɗu garin kwaki yake saye a waje ya jiƙa sau ɗaya a rana, har ya fara tambayar yadda ake ɗage zango ya koma gida.

Mun san in muka ce ya ci kyauta ba zai ci ba, in ma ya ci ba zai wuce masa ba. Akanta ne ya samo hanya. Ya ce ai dokar ta ce abin da mutum ya kawo a yi masa kuɗi, to aiki ma abin kawowa ne. Ya jera: zuwa kasuwa, cika gas, kai niƙa, ɗibar ruwa, tsintar shinkafa, ya sa wa kowanne kuɗi. Auta yana da keke, don haka kuɗin adaidaita da muke biya zuwa kasuwa da dawowa suka zauna a asusu. Mu uku muka ɗan ƙara a kan namu, aka soke naman Juma'a, fate ya ƙaru. A gurbinsa Akanta ya rubuta "ya biya", ya nuna masa. A daren nan cokali huɗu suka shiga tire. Ya rubuta jarrabawarsa, babu kariyoba ko ɗaya. Allah ya ba baban lafiya, kuma da muka dawo hutu sai ga Auta da rabin buhun masara daga gonarsu. Tuwo da faten da muke ci a zangon nan duk daga ciki ne.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, da a ce kowa nasa yake saye a kafteriya, babu wanda zai gane. Mai jin yunwa a makaranta ba shi da alama. Yana sa gogaggiyar riga, ya zo aji a kan lokaci, ya yi dariya da kowa. Mu mutane ne masu kunya, ɗan gidan mutunci gara ya faɗi a hanya da ya ce "ban ci ba". Inda aka san adadin cokula, nan ne ake lura in ɗaya bai shiga tire ba.

Kada a ɗauka zaman lafiya ne kullum, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. An yi rigima a kan yaji, don Injiniya in bai yi gumi ba bai ci abinci ba, Akanta kuma olsa gare shi. Aka yanke cewa yaji a gefe. An yi a kan wanke-wanke fiye da sau goma. An yi a kan baƙi, don akwai mutanen da hancinsu ya san lokacin sauke tukunya, sallamarsu ba ta tashi sai an ɗauko tire. Korar baƙo ba tarbiyyarmu ba ce, barin asusu ya rushe kuma ba hankali ba ne, sai aka ware gwangwani ɗaya a kowane girkin dare, sunansa rabon baƙo. Wanda ya zo sau uku a jere, Akanta ya nuna masa littafi cikin raha. Akwai kuma ranakun da ba a mantawa. Da azumi lakca ta riƙe mu uku har yamma, muka dawo muka tarar Injiniya ya dama kunu ya soya dankali, yana tsaye yana duba agogo yana tambaya ko lokacin shan ruwa ya yi.

Masu cewa girki aikin mata ne ma ba mu rasa su ba. Ni dai tambayata ɗaya ce: mai shayin da kake ba kuɗinka kullum mace ce? Mai tsire fa? Namijin da ya iya tuƙa tuwo ba abin da ya ragu a jikinsa, sai ma ranar da bautar ƙasa ko aiki ya jefa shi garin da bai san kowa ba, ya gode wa Allah.

Sababbin ɗalibai, ba sai kun jira kuɗi masu yawa ba. Tukunya biyu, wuƙa, muciya, bokiti mai murfi, gwangwanin madara da littafi mai shafi 40 sun isa. Ku nemi mutum biyu ko uku da kuka yarda da amanarsu, ba lallai 'yan garinku ba, ku ba wanda ya fi kowa maƙo riƙon kuɗi. In za ku dawo hutu, kafin ku ce a ƙara kuɗi, ku ce a ƙara kuka da daddawa. Kuma in na kusa da ku ya cika cewa "na ci a waje", ku duba da kyau.

Mu dai ƙarshen zangon nan Akanta zai tafi IT na shekara guda, cokali ɗaya zai rasa mai shi. Duk mai so ya neme mu a bayan makaranta, ɗakin da ƙamshin daddawa ke fitowa bayan magariba. Ba sai wanda ya iya girki ba, wannan za a koya masa. Wanda zai riƙe littafi da gaskiya muke nema, kuma ya sani tun yanzu, wanke-wanken ranar Laraba nasa ne.